Saura Ƙiris Ya Tashi

A Amurka, in mutum ya ga dama kuma aljihunsa ya yarda, sai ya aika wa wani kamfani kuɗi a jihar Oregon ko Missouri, bayan 'yan watanni babbar mota ta tsaya a ƙofar gidansa ta sauke masa dogon akwatin katako. Ya ɓalle murfi ya tarar da fallayen alminiyam lulluɓe da shuɗiyar leda, da ƙarafa masu lanƙwasa iri-iri, da ƙunshi-ƙunshin ƙananan ƙusoshi, da littafin umarni. Jirgin sama ne, sai dai ba a haɗa shi ba. Doka ba ta ce sai injiniya ba. Likitan haƙori, direban tirela, malamin makarantar da ya yi ritaya, duk wanda ya ga zai iya, ga fili ga mai doki. Abin da FAA, hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, ta gindaya shi ne mutum ya yi fiye da rabin aikin da kansa, kuma ya zama don neman sani ko nishaɗi ya yi, ba don ciniki ba. Ita ce suke kira dokar kashi 51. Jirage sama da 30,000 irin waɗannan ke da rajista a ƙasar. Kamfani guda, Van's Aircraft, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970, tun 2017 ya ƙirga jiragensa samfurin RV guda 10,000 da masu saye suka haɗa suka tashi da su.

Kayan iri ɗaya ake aika wa kowa. Na'ura mai aiki da kwamfuta ce take huda fallayen tun a masana'anta, huji ya dace da huji, ba ragi ba ƙari. Littafin ma ɗaya ne. To amma ka bi gareji goma ka leƙa, sai ka rantse ba abu ɗaya aka sayar musu ba. Alminiyam ba ya rufa wa mai shi asiri.

Wanda za ka fara cin karo da shi, don su suka fi yawa, shi ne Mai Wutsiya. Ba a sayen jirgin a tashi guda, kashi-kashi ake saye: wutsiya, sannan fukafukai, sannan gangar jiki, sannan tarkacen ƙarshe, inji da farfela kuma kuɗinsu daban. Wutsiya ce mafi araha, da ita ake farawa, kuma a kanta mutane da yawa suke ƙarewa. Shi wannan tun akwati bai iso ba ya sayi hula mai tambarin kamfani, ya biya dala 10 an ajiye masa lambar rajista mai ɗauke da ranar haihuwar matarsa, ya zaɓi launin fenti, ya shaida wa kowa a wurin aiki. Wata uku ba ya ko cin abincin dare a kan lokaci. Wutsiya ta haɗu, ta yi kyau, ya rataye ta a bango don kada yara su taka. Daga nan ya duba kuɗin fukafukai, ya duba kuɗin injin Lycoming, ya buga lissafi ya ga abin na neman haura dala 100,000. Yau shekara da shekaru wutsiya na bango, gizo-gizo ya yi gida a bayanta. Amma ka tambaye shi me yake yi in ya taso daga aiki, ko ƙifta ido ba zai yi ba: "Jirgi nake haɗawa."

Ɗan'uwansa a hali shi ne Mai Shiri, wanda bai ma kai ga wutsiyar ba. Aƙidarsa ita ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ya shekara biyu yana fafe gora. Ya ƙera teburan aiki biyu, ya yi wa daɓen gareji fenti, ya jera fitilu, ya ja bututun iska a bango. Injin iskar da ya fara saye yana da ƙara, ya sayi na biyu. Kowace filaya da kowane magagari suna da ƙugiyarsu, an zana siffarsu a bango don kada a ɓata wurin zama. Akwatin kaya kuwa yana nan ko ƙusa ɗaya ba a cire ba. Ban ga laifinsa sosai ba, domin a kowane reshe na EAA, ƙungiyar masu wannan harka da Paul Poberezny ya kafa a Milwaukee a 1953, shi ne mutumin da ya fi amfani. Duk abin da ka rasa yana da shi, sabo fil, kuma yana ba da aro.

Kafin in kawo na gaba sai an san yadda aikin yake, in ba haka ba ba za a gane ciwonsa ba. Ba walda ake yi ba. Ribit ake bugawa, 'yar ƙusa mara tsini da kaurinta bai kai milimita biyu da rabi ba, kuma jirgi mai kujera biyu yana cin fiye da 10,000. Kowane huji yana da hidimarsa. A haɗa fallayen da kiliko, wasu 'yan maƙalai da ake cusawa da filaya su riƙe aiki na wucin gadi. A bi huji da injin huda a daidaita faɗinsa. A warware komai. A kankare bakin hujin ciki da waje, domin ɗan gautsin da ya rage shi ne mafarin tsagewa in jirgi ya sha girgiza. A lotsa bakin yadda kan ribit zai kwanta daidai da fatar jirgi. A sake haɗawa. Sai a zo bugu: mutum ɗaya yana waje da bindigar iska, ɗaya yana ciki ya danna dunƙulen ƙarfe a gindin ribit ɗin. Tarrrap, daƙiƙa ɗaya ko biyu, gindin ya baje ya kama. Ƙa'ida ita ce faɗin bajewar ya kai kaurin ƙusar ɗaya da rabi, tudunta kuma rabin kaurin. In hannu ya ɗan goce, bindiga ta bar wa falle wani lanƙwasasshen tabo. Murmushi suke ce masa, ko da yake ba a taɓa ganin wanda ya yi shi ya murmusa ba.

To, nan ne gidan Mai Waswasi. Yana da ma'auni, yana da tocila, yana da gilashin ƙara girma. Ya buga ribit, ya auna, ya haska, ya sake aunawa. Ya ga kamar ta ɗan karkata. Ya ɗauki hoto daga kusurwa uku ya aika kamfani, aka amsa masa da cewa lafiyarta ƙalau, ya ci gaba. Hankalinsa bai kwanta ba. Ya nuna wa mutum na biyu, na uku, na huɗu, har sai ya sami wanda ya ɗan yi shiru ya ce "to, ni dai...". Shi ke nan, abin da yake nema ya samu. Ya ɗauko injin huda zai cire ta. Cire ribit kuwa ya fi buga ta wuya: hannu ya ɗan kauce, hujin ya faɗaɗa. Ya sa mai kauri, ita kuma ta lanƙwashe. Ya cire ta, falle ya tsage. Garin neman gira an rasa ido. Ya yi odar sabon falle, ya jira mako uku, ya koma farko. Akwai wanda ya haɗa filafilin juya wutsiya sau huɗu, kuma na farkon da ya jefar ya fi sauran kyau. Mutumin nan tamkar mai waswasin alwala ne: da ya kai ƙafa sai ya ji kamar bai shafi kunne ba, ya koma wanke hannu, har liman ya sallame yana bakin famfo. Tsofaffin hannu suna gaya masa jirgi yake ƙerawa ba agogo ba, ribit dubbai ne suke raba nauyin a tsakaninsu, mai zane kuma ya bar rara. Ya gyaɗa kai, ya gode, suna fita ya ɗauko tocila.

Kishiyarsa Malam Ya-Isa ne. Ba ya karanta umarni har ƙarshe, hoton kawai yake kallo. Shi ne zai yanka ƙarfen hagu da na dama, ya zo haɗawa ya tarar duka biyun na hagu ne. Kankare huji ɓata lokaci ne a wurinsa, in ribit ta kwanta a kaikaice ya ce ai a ciki take, wa zai gani? EAA tana da dattawa ƙwararru da ke zuwa duba aikin mutum kyauta su ba shi shawara. In irinsu suka leƙa cikin fiffiken Malam Ya-Isa sukan daɗe ba su ɗago ba, in sun ɗago kuma su tambaye shi ko yana da iyali. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, wannan kowane matuƙi ya sani. Magana ita ce da wace fuska za a faɗo.

Sai 'Yan Gardama, waɗanda su jama'a ce guda, kuma babban yaƙinsu a kan fentin ciki ne. Alminiyam ɗin da ake yin jiragen RV da shi, mai lamba 2024, akwai gamin tagulla a cikinsa. Gamin ne ya ba shi ƙarfi, shi ne kuma ya sa danshi ke iya cinsa, don haka tun a masana'anta ake lulluɓe shi da wani siririn zallan alminiyam. Ɓangare ɗaya suka ce wannan bai isa ba, sai an fesa wa kowane ƙarfe fentin kariya kafin a rufe. Ɗaya ɓangaren suka ce ƙarin nauyi ne da ɓata wata da watanni da shaƙar guba, ga tsofaffin jiragen Cessna nan da yawa ba fenti a cikinsu, suna tashi tun kafin a haifi masu gardamar. Ka ce to, ɓangare biyu ne, a sasanta. Ina! Masu fentin ma sun rabu: akwai 'yan gwangwanin fesawa, akwai 'yan mai gauraye biyu, kuma ba sa ga-maciji. Wanda ya fi kowa zafi a maganar sau da yawa dattijo ne mai shekara saba'in da ke zaune a hamadar Arizona, inda ko ƙusa ka yar sai ta gaji da jiran tsatsa.

In an gaji da fenti a koma kan taya. Jirgin yana da manyan tayoyi biyu, ta ukun ce rigima: a hanci za a sa ta ko a wutsiya? Masu ta wutsiya suna ganin su ne matuƙan gaske, sauran 'yan koyo ne. Masu ta hanci suka ce su dai suna ganin gabansu in suna tafiya a ƙasa, kuma kamfanin inshora ya fi yi musu sauƙi. A wannan gardama mu ma muna da baki, domin jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da kamfanin AIEP ya harhaɗa a Kaduna don sojojin saman Nijeriya, guda 60, daga RV-6A na Van's aka samo shi, kuma tayarsa a hanci take. Wato abin da Ba'amurke ke fama da shi a gareji, an yi shi a Kaduna tun shekarun 1990, aka koya wa hafsoshi tuƙi da shi. Daga taya sai murfin gilashin da ke kan matuƙi, mai zamewa baya ko mai ɗagawa sama. Daga nan sai gori tsakanin gida da gida. Mutanen RV, masu jirgin da ke cin kilomita 300 a awa, suna yi wa mutanen kamfanin Zenith dariya wai CH 701 ɗin da Chris Heintz ya zana akwati ne aka sa wa fiffike. Su kuma suka ce akwatin nasu yana sauka a ɗan filin da RV ba zai ko kalla ba, kuma ribit ɗinsu ta ja ce, mutum ɗaya ke sa ta daga waje ba sai ya roƙi kowa ya riƙe masa ƙarfe ba. Kowa da gaskiyarsa. Abin da kawai ba a tambayar Ɗan Gardama shi ne ina nasa jirgin ya kwana, domin daren da zai yi bugu a musu yake ƙarewa.

Wanda ba na wasa da lamarinsa shi ne Na-Fi-Mai-Zane. Ya buɗe littafi a shafin farko ya fara ganin kurakuran injiniya. Nan ƙarfen ya yi siriri, bari ya ninka. Nan tankin ya yi kaɗan, bari ya ƙara wani. Kujera sai ta fata, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga talabijin uku a gaban matuƙi. Injin jirgi tsohon yayi ne kuma tsada, shi na mota zai sa, Subaru ko Corvair, ya ƙera masa giya da kansa. Duk canji ɗaya yana haifar da uku: ƙarfen da ya ninka ya tokare wani, wanin ya hana waya wucewa, wayar ta bi ta inda bututun mai zai bi. Kowane ƙari kuma nauyi ne, nauyi kuwa a ƙaramin jirgi daga kason fasinja da mai ake cire shi. In Allah ya sa ya gama, sai a ɗora jirgi a sikeli a ga kujera biyu gare shi amma mutum ɗaya zai iya ɗauka, shi ma in bai ci abincin rana ba. Ba a hana gwaji ba, asalin harkar ma ke nan, kuma akwai injinan mota da aka daɗe ana gyara su don jirgi, kamar na Volkswagen da kamfanin Sonex ke sayarwa. Amma ƙaramin canji yana iya cin rai. Mawaƙin nan John Denver ya mutu a Oktoban 1997 a gaɓar Monterey cikin wani jirgi haɗin gida da ya saya hannu, samfurin Long-EZ, wanda ba na alminiyam ba ne. A zane, makunnin sauya tankin mai yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya haɗa jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Masu bincike suka ce garin juyawa ya kamo shi ne jirgin ya ƙwace masa.

A bar wannan, a zo ga wadda ba ta yi odar komai ba amma aikin ya faɗo mata: uwargida. Motarta ce take kwana a waje cikin dusar ƙanƙara, don gareji ya zama masana'anta. Ɗakin baƙi fukafukai ne a ciki, baƙo sai dai falo. Ta buɗe firji neman man shanu ta tarar da gwangwanin wani baƙin danƙo mai wari da ake liƙe tankin mai da shi, wai sanyi ne ke hana shi lalacewa. Danƙon nan in ya taɓa yatsa sai ka gan shi a hannun ƙofa, a rigar barci, a kunnen kare. Sannan ranar Asabar a miƙa mata abin toshe kunne da dunƙulen ƙarfe, a ce ta rarrafa cikin mazurarin wutsiya, domin shi mai jirgin tumbinsa ba zai shiga ba. Tana kwance a ciki, ƙafafu a waje, yana tsaye da bindiga.

"Kin shirya?"

"Na shirya."

Tarrrap.

"Ƙara kaɗan. Tsaya! Na ce kaɗan."

Kafin a gama fiffike ɗaya ta fi shi sanin ribit mai kyau, da yatsa kawai take shafawa ta ce a cire wannan. Aure da yawa ya ƙara danƙo a cikin mazurarin nan, wasu kuma a nan aka fara ƙirga kwanakinsu. Akwai matan da su ne masu jirgin, mijin ne ke rarrafe, kuma ban ji an ce nasu ya fi faɗowa ba.

Wani kuma ba gareji gare shi ba, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, mai matattakala da 'yar ƙofa. A 2011 jaridun Amurka sun ba da labarin wani mutum a jihar Pennsylvania da ya shekara tara yana haɗa jirginsa a irin wannan ɗaki. Da aka gama sai da aka kawo motar haƙa ta tone gefen gida, aka fasa bango, sannan aka jawo jirgi waje maƙwabta na kallo.

Maƙwabci ma nau'i ne. Tambayarsa biyu ce tak, kullum ya zo wucewa da karensa: "Kai da kanka za ka shiga wannan abin?" da kuma "Yaushe zai tashi?" Masu harkar sun daɗe da tanadin amsar ta biyu. Sai su ce ranar Talata. Ba sa faɗin wace Talata.

Wannan ya kawo mu ga Malam Saura-Ƙiris, wanda ya fi kowa ban tausayi domin shi ya yi aiki na gaske. Cikin shekara biyu jirginsa ya tsaya da ƙafafunsa, ga fiffike ga wutsiya, kowa ya gani ya san jirgi ne. Ya jawo shi waje ya ɗauki hoto, ya shiga ya zauna a kan filo ya riƙe sandar tuƙi yana kwaikwayon ƙarar inji da baki, abin da kusan duk mai haɗa jirgi ya taɓa yi in ya tabbata ba mai kallo. Ya ce wa dangi su shirya, bana ba sai baɗi ba. Bai san yanzu aka fara ba. Saura wayoyi, ɗaruruwa, kowace da inda za ta. Saura bututun mai da na birki. Saura 'yan fallayen da ke tilasta wa iska ta bi ta kan inji ta sanyaya shi, waɗanda sai an sa an cire an rage sau ba adadi. Saura murfin inji, wanda ba ƙarfe ba ne, faiba ce, a goge a cike a sake gogewa har ƙura ta shiga shayi. Uwa uba murfin gilashi, wanda roba ce mai tsada da ke zuwa a dunƙule sai an yanka. In ɗaki da sanyi ta tsage, in aka huda ta da bakin injin da ba nata ba ta tsage, wani lokaci ma a daidai hujin ƙarshe. Mutum zai dumama gareji har gumi na ɗiga, ya riƙe injin yanka ya tsaya yana addu'a. Suna da zancen da suke yi a kan wannan mataki, wai an gama kashi 90, saura kashi 90. Abin da ya fi ƙona wa Malam Saura-Ƙiris rai shi ne a tuna masa cewa a taron EAA na 2014 a garin Oshkosh 'yan sa-kai sun haɗa Zenith CH 750 cikin kwana bakwai a gaban jama'a. Sai ya ce ai su taron dangi suka yi, kuma ba wanda matarsa ta aika kasuwa a cikinsu.

Mai Aljihu ba ya wannan wahala. Akwai kayan da ake sayarwa an riga an yi rabin bugun, na Van's a Filifin ake haɗa da yawansu, kuma halal ne, hukuma ta auna ta ce saura ya kai kashi 51. Amma shi ya wuce nan. Ya ɗauki ƙwararre yana biya, shi kuma ya zo ranar Asabar cikin farar riga a ɗauke shi hoto riƙe da injin huda, domin jami'in da zai duba jirgi yana neman kundin aiki da hotuna, shaidar cewa mai shi ne ya yi. A hoton za ka ga ya riƙe injin yadda ake riƙe jaririn wani. Dokar tana ba wanda ya haɗa jirgi takardar izinin yi masa binciken shekara-shekara da kansa, bisa zaton ya san cikinsa da bayansa. Mai Aljihu ko inda matatar mai take sai ya buga waya.

Mai Ƙyalli shi ya gama, kuma ya gama da kyau, kyan ne ma ya zame masa ciwo. Bai yi fenti ba, goge alminiyam ɗin ya yi har kana ganin haƙoranka a ciki. A ƙarshen Yuli, lokacin da jirage wajen 10,000 ke sauka yankin Oshkosh a jihar Wisconsin don taron shekara na EAA, yana can tun asuba da tsumma yana share raɓa. Ya kewaye jirgi da igiya, ya shimfiɗa madubi a ƙasa don alƙalai su ga cikin ma ba aibu, yana harin kyautar Lindy, wadda aka sa wa sunan Charles Lindbergh. Yaro ya miƙa yatsa, sai ka ji gyaran murya. Ba ya tashi in da hadari, ba ya tashi da yamma saboda ƙwari na fashewa a gaban fiffike, ba ya sauka a ciyawa. A shekara awowin da ya yi yana guga sun ninka na tuƙi. Alhali da irin wannan jirgin, RV-4, wani ɗan Ostireliya mai suna Jon Johanson ya zagaya duniya fiye da sau ɗaya, a Disamban 2003 kuma ya ratsa ta saman tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya, mai ya yi masa ƙaranci ya sauka a sansanin McMurdo.

Akwai kuma wanda tashin bai dame shi ba sam, bugun ne abincinsa. Ya gama jirgi, ya ɗan zagaya da shi, ya dawo gida ya tarar gareji wayam, motar uwargida ta koma ciki. Mako biyu yana kai da komo ba ya barci. Sai ya sa jirgi a kasuwa, ya yi odar wutsiya. Wani yana kan na huɗu ko na biyar. Uwargida ta fitar da motarta ba tare da an ce mata komai ba.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi, don ba ya yin abin da za a ba da labari. Ba a jin bakinsa a gardamar fenti. In ya ci abincin dare ya shiga gareji awa ɗaya ko biyu, ran da ya gaji ko huji ashirin ne ya kankare ya kashe fitila. Irin wannan jirgi yakan ci awa 1,500 zuwa 2,000, shi kuwa sannu ba ta hana zuwa, cikin shekara huɗu ko biyar ya cinye su. In ya ɓata ƙarfe ya yi tsaki, ya yi odar wani, ya koma wani sashe kafin ya iso. In bai gane ba ya tambayi mutum ɗaya da ya yarda da shi. Ranar da jami'i ya zo ya duba ya ba da takarda, ya manna kalmar EXPERIMENTAL a bakin shiga da haruffan da ba su gaza inci biyu ba, da allon da ke gargaɗin fasinja cewa wannan jirgi ba a kan ƙa'idojin jiragen masana'anta aka yi shi ba. Sannan a ware masa yankin gwaji, ya yi awa 40 a ciki, ko 25 in injin da farfelar masu shaidar hukuma ne, kafin ya ɗauki fasinja. Ya san binciken da NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri, ta fitar a 2012 ya nuna tashin farko na da haɗari na musamman, kuma matsalar inji da ta mai ce kan gaba. Don haka ya ɗaga hancin jirgi a ƙasa ya auna yawan man da ke isa inji, ya je ya yi awowi da malami a jirgi irin nasa, in ya ga hannunsa ya yi sanyi ya ba wanda ya fi shi ya yi tashin farko, ba kunya. Ba ya gayyatar gari. Mutum biyu ko uku ne a bakin titin jirgi da sassafe, ɗaya riƙe da rediyo, ɗaya da abin kashe gobara. Maƙwabcin nan mai kare sai daga baya yake jin labari, ya zo ya tarar gareji ba kowa.

In aka ce in zaɓi wanda zan shiga jirginsa, wannan ne. Bayansa sai Mai Waswasi, in muna da rai ranar da ya gama. Na-Fi-Mai-Zane kuwa ko kyauta ya ba ni kujera na gode, ya tafi abinsa, ina nan ƙasa ina riƙe masa hula.